Ƙafata Mai Rawa a Motar Guci

'Yan uwa, yau na yi raino a cikin mota! Ku yi haƙuri, har yanzu kaina bai zauna ba, wataƙila wani abin ya kuɓuce mini.

Kun san tun da na bar shan tramol, taron mutane tsoro yake ba ni. Likita ya ce in riƙa shiga motar kasuwa ko ba ni da abin saye, har in saba. Yau na shiga ta Guci daga Dungas. Mota cike maƙil! Gumi ya karyo mini, ƙafata ta dama ta kama rawa. Saura kaɗan in ce direba ya sauke ni.

Sai jaririn matar da ke gefena ya tsala kuka. Ta ba shi nono, ya ƙi. Wata tsohuwa ta karɓa ta jijjiga, ina! Kawai sai ta dire mini shi a cinya.

"Ɗan nan, riƙe in gyara zanena."

Ni da har na gama jami'a ban taɓa riƙe jariri ba! Ƙafar ta ƙara rawa. Yaro ya yi tsit. Wallahi barci ya yi!

Uwar ta ce, "Malam, don Allah kar ka tsaida ƙafar nan."

Direba ya waiwayo. "Matarka ta huta, malam!"

Na ce, "Ai ban yi aure ba."

Tsohuwa ta ce, "To, ga ni, angona!"

Mota ta kwashe da dariya. Ban sauka ba sai Guci.

In a cikinku akwai wanda yake cikin motar, ya gyara mini inda na yi kuskure, amma ina jin ni ma na yi dariya.