Baba Faɗi-Tashi

Shekara goma sha huɗu ke nan aikinsa ɗaya a sashen nazarin halayyar ɗan Adam: faɗuwa. Masinja aka ɗauke shi, amma da Farfesa ya ga yana da fuskar tausayi, sai ya jefa shi cikin gwajinsa. Zai rungumo tulin takardu, ya zo daidai ƙofar ɗakin gwaji, ya yi tuntuɓen ƙarya. Ta bayan gilashi ana duba wanda zai taimaka masa, da daƙiƙa nawa zai ɗauka. Wasu su gan shi cikin kwat, wasu cikin tsohuwar riga. Ɗalibai suka laƙaba masa Baba Faɗi-Tashi.

Sau uku yana roƙon a mayar da shi kai wasiƙu. "Haba Baba," in ji Farfesa, "in muka canza ka, aikin shekara da shekaru ya tashi a banza. Dole mai faɗuwar ya zama mutum ɗaya."

A gida matarsa kan shafa masa man zafi a gwiwa tana tsiya: "Mazan mutane ana yi musu ƙarin girma, nawa kullum ƙasa yake yi."

Wata Laraba jiri ya kwashe shi a kan matakala, ya zube da gaske. Ɗalibai suka kewaye shi suna murmushi, suna ɗaga kai suna neman inda aka ɓoye kyamara. Yana nishi, yana miƙa hannu.

Wata ta duƙo ta raɗa masa: "Wallahi Baba, ta yau ta fi ta kullum kyau."