Tagogi Huɗu na Yaya Hamisu

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Hamisu mai gilashi, kuma sai bana na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Ba rashin iya rubutu ba ne, ko da yake ban yi nisa a boko ba. Akwai kayansa a wuyana, kuma ban ga amfanin yabon mamaci a jarida ba alhali aikinsa yana can a buɗe rana tana dukansa.

Ɗan wan babana ne. Shi ya riga ni zuwa Madina, shi ya nemo mini kafili, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, a ɗakinsa na kwana har na samu aikin tuƙi a gidan wasu Larabawa. Yana aikin alminiyon da gilashi a wata warsha, wato shagon masu sana'a, a unguwar Sultana. Mutum ne mai nawa. In aka ba shi taga ɗaya sai ya yi ta zagaya ta kamar aurenta zai nema. Ni ba ni da wannan haƙurin, kuma ya sani. "Tanimu," yakan ce, "kai ko salla ce, da akwai yanke da ka bi."

Ranar zaman makoki wani dattijo daga cikin mutanenmu ya yi tambayar da aka saba: duk wanda ke bin marigayi wani haƙƙi ya faɗa. Na miƙe na ce, "Duk abin da ke kansa ya dawo kaina." Da ƙarfi na faɗa, don na san Yaya bai riƙe wa kowa komai ba. Sai wani mai farar jallabiya ya ɗaga hannu. Abu Faisal ne, Basa'ude, amma kakanninsa daga ƙasarmu suka zo aikin hajji suka zauna, yana jin Hausa, yana kuma karya ta.

"Ni ba maganar kuɗi, wallahi," in ji shi. "Jirgi nawa a Yambu. Ya cire taga huɗu. Yanzu rami huɗu."

Ashe yana da jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa. Tagogin a jikin jirgin suke, kusa da ruwa, suna yoyo. Yaya ya cire tsofaffin zai sa sababbi, ciwon ƙirji ya riga shi. Abu Faisal ya ce ya yafe, zai kira kamfani. Na ce a'a. Yafiyar mai hali daban, maganar da na yi a gaban mutane daban. Kuma ni dai a zuciyata, mutumin da ya cire wa wani taga bai mayar ba, akwai sauran magana a kansa.

A ƙarƙashin gadonsa na samu sababbin, naɗe cikin bargo. Ba gilashi ba ne, wata roba ce mai kauri da ake gani ta cikinta. Wata Juma'a na kai su Yambu, garin da ke bakin teku, inda jirgin ke tsaye a tudu kan ƙarafa. Na ɗora ta farko a gurbinta, sai ga rata ta ko'ina, ɗan yatsa zai shiga. Ta biyu haka, duka huɗun haka. Na tuna a shekararsa ta ƙarshe sai ya miƙa ma'auni nesa da fuska kafin ya karanta. Na ce shi ke nan, ido ya ci amanarsa. Na naɗe su, na ce wa Abu Faisal marigayi bai kai ga yanka ba. Ban yarda a ce Hamisu ya mutu bai iya awo ba.

Na sa aka yanka mini wasu cif da gurbin, sai da na buga da tafin hannu suka shiga. Na zuba silikon irin na tagar gida, na ɗaure da sukurori har hannuna ya yi ja. Muka kunna tiyo, ruwa ya shiga kamar an gayyato shi. Karo na biyu na canza gam, na ƙara matsewa. Suka yi lokacin sanyi lafiya. Da zafi ya shigo, sai ga tsaga ta tashi daga ramin kowane sukuru.

Haka shekaru suka tafi. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ta direba ce, in aka kama ni da aikin wani, jirgin sama ne zuwa gida. Juma'ar ma ba kullum take tawa ba, uwar ɗakina tana da dangi a kowace unguwa. Abu Faisal bai taɓa matsa mini ba, sai dai baki. In mun haɗu a masallaci ya ce, "Ya Tanimu, jirgi nawa ya manta ruwa. Ya zama raƙumi." Sai in yi dariyar dole.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya leƙo Madinar yau. Warsharsu ta zama shagon gahawa, samari na zaune ciki kowa da wayarsa. Yanzu kowa gwani ne, ya kalli bidiyo da safe, da yamma ya zo yana gyara maka aiki. Ni ma na kalla, ba zan ɓoye ba. Bature yana ta surutu, hannunsa na gudu, ban tsinci komai ba. Ina jin da Yaya ba zai ce uffan ba. Zai dai dube ni ta saman tabarau, irin kallon nan da ya fi zagi ciwo, ya ci gaba da goge gilashinsa.

Bana aka ce za a rushe ginin da nake haya. Wajen kwashe kaya na jawo bargon nan, ya warware, wata leda ta faɗo. Na taɓa ganinta tun farko, na ɗauka shara ce: 'yan guntayen robar tayar mota, an yanka su daidai wa daida. Na ɗauki ɗaya ina juyawa. Wa zai zauna ya yanka shara da kyau haka? Na kara ta a gefen taga, sai na ga kaurinta shi ne ratar nan da ta hana ni barci.

Na daɗe zaune a ƙasa. Roba tana kumbura a rana, jirgi yana murɗawa a ruwa. Ratar wurin motsi ce, wurin da gam zai zauna da kauri ya riƙa bin su. Da gangan ya rage. Idonsa ƙalau, nawa ne ke da matsala.

Na koma Yambu da tagoginsa. Na jera guntayen a gurbi, na zuba baƙin gam na jirgi da na saya a bakin tashar, ban sa sukuru ko ɗaya ba. Sannan na yi abin da ya fi mini wuya a duniya: na tafi na bar shi har mako ya zagayo, ban taɓa ba.

Ranar da aka saka jirgin a ruwa na shiga, ni da ko kogin garinmu ban taɓa yarda da shi ba. Da iska ta cika ƙyallen sai jirgin ya karkata, tagogin gefe ɗaya suka nutse, ruwa kore shar a gabana. Na durƙusa a ciki ina bin bakinsu da auduga. Abu Faisal ya juya jirgin, ɗaya gefen ma ya nutse. Na bi su. Auduga a bushe.

"Ya shehi, fito sha iska," ya ƙwala daga sama. "Kada ka yi amai a jirgi nawa."

Na rarrafo na nuna masa audugar. Na ce, "Ka shaida?"

"Na shaida. Halas, shi ke nan, nauyi ya sauka."

Na ce, "To ka ƙara shaida wani abu. Tagogin nan yankan Hamisu ne. Tun ranar farko suna hannuna."

Ya dube ni, ya dubi teku, sannan ya fashe da dariya har sitiyari ya kuɓuce masa. "Shi ya gama aiki, kai ka tsare hanya! Allah ya jiƙan Hamisu. Kai kuma Allah ya shirya."

Na ce amin ga duka biyun.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Kayan aikinsa an raba, iyalinsa sun koma gida, waɗanda suka san shi a Sultana rabi an mayar da su gida, rabi sun tsufa. Tagogin da ya sa wa gidajen mutane, gidajen ma ana rushe su. Sai huɗun nan da ke tare teku daga shiga ɗakin wani, babu sunansa a jiki.

A maƙabartar Baƙi'a ma, inda aka binne shi, babu suna, kuma ba zan yi ƙaryar na gane wurin ba. Washegari bayan la'asar na shiga, na tsaya a ɓangaren da nake zato, na yi sallama ga kowa da kowa. Na yi masa addu'a. Sannan na rage murya don kada askari mai gadin wurin ya ɗauka na zautu, na ce, "Yaya, an mayar wa mutumin nan tagoginsa. Awonka daidai ne. Kwanta."