Da Aka Ce Za a Saye Kamfaninmu

Bayan na yi ritaya daga aikin akawu, 'yata mai aiki a banki ta koya mini sayen hannun jari ta waya. Na zuba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wani kamfanin ƙasar waje mai ƙera 'yan mitsi-mitsin ƙwaƙwalen da ake sa wa waya da mota. Maƙwabcina a Limanti, tsohon malamin makaranta ɗan kudancin Borno, shi ma ya bi sahuna. Muka riƙa cewa "kamfaninmu", alhali ko ƙofarsa ba mu taɓa gani ba.

Wata Lahadi ya dawo daga coci, bai ko shiga gida ba ya yi sallama a zaurena. Ya ce ana ta raɗe-raɗin wani babban kamfani zai saye namu ɗungurungum, masu zuba jari sun yi caa, farashi sai hawa yake.

Zancen ya bi mu har teburin mai shayi a bakin Kasuwar Kwastam. Wani dattijo mai sayar da bandar kifi ya tambaye mu ko mai sayen ya ba da kafin alƙalami. Muka ce a'a, har yanzu maganar jarida ce. Ya kurɓi shayinsa, ya ce to Allah ya sa albarka.

Maƙwabcina bai jira ba, ya sayar da nasa. Yana da 'yar gonar shinkafa a Zabarmari, ya daɗe yana sha'awar injin ban ruwa.

"Alhaji," ya ce mini, "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ni na riƙe nawa. Ba kwaɗayi ba ne kaɗai, daɗin jiran nake ji. Tun da na bar ofis ban sami abin da ke sa ni ɗokin wayewar gari kamar wannan ba.

Daga baya babban kamfanin ya ce shi bai yi niyyar sayen namu ba, farashi ya koma inda ya fito. 'Yata ta kira tana ba ni haƙuri, na ce mata ban yi asarar komai ba.

Ranar da za a gwada injin da ya saya da kuɗin, maƙwabcina ya ɗauke ni muka je gonar tare. Ni na riƙe bakin tiyo. Na dawo da taɓo har gwiwa, uwargida ta tsayar da ni a tsakar gida ta miƙo mini bokiti.