Fadamar da Aka Bar wa Kunkuru

Shekarar da Baba ya daina tuƙin babbar mota, ya sayi gida a Pleasant Garden, kudu da Greensboro a Amurka. Gidan kansa bai dame shi ba. Abin da ya tafi da hankalinsa yana baya: fadama shimfiɗe har bakin rafi, ƙasa baƙa wuluk, an bar ta ta zama daji. Ya damƙo ƙasar ya shinshina, ya ce mutanen nan ba su san arziki ba.

Ranar ciniki lauya ya yi ta zuba Turanci, yayana ya taƙaita masa: "Baba, wai ba a gini a can gangaren."

Baba ya yi dariya. "Wane mahaukaci ne zai yi gini a fadama?"

Da sanyi ya wuce sai ya kira gayya. Abokansa na masallaci suka zo, 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, da adduna da injin yankan itace. Ni da Mama muka dafa shinkafa da wake. Kafin la'asar wuri ya yi fes, har Baba ya fara rabo da baki: nan kuɓewa, nan yakuwa, can rake. Tun zuwanmu ƙasar nan ban taɓa ganin sa cikin irin wannan farin ciki ba.

Ba a jima ba sai ga wata Baturiya da takalmin roba, daga ƙungiyar da ke kula da rafukan yankin. Ta dubi kututturan nan, ta dafe ƙirji. Ni na yi tafinta. Ashe tsohuwar da ta mallaki gidan, kafin ta rasu, ta ƙulla alkawari da su a gaban hukuma cewa fadamar za ta zauna daji har abada, ko wa ya saya. Ba sara, ba noma. Wurin na kunkuru ne da kwaɗi da zalɓe, kuma nan ruwa ke kwanciya in rafi ya cika, kada ya faɗa wa gidajen mutane.

Wallahi sai da na sake tambayar ta ko kunkuru ta ce.

"Fassara mini mana," in ji Baba.

Na fassara. Ya dubi matar, ya dube ni.

"Wato matacciya ce ta hana ni noma? Tambaye ta, ni na sayi gidan nan ko kunkuru?"

Ban tambaye ta ba.

Ba su kai mu ƙara ba, sai dai suka ce a mayar da itatuwan. Wata Asabar suka zo da dashe cike da mota, da maƙwabta da ɗalibai masu taya aiki. Baba ya karɓi shebur. Mutumin da tun yana yaro aikinsa sassabe, ga shi durƙushe yana danna ƙasa a gindin itacen da ba a cin 'ya'yansa. Tausayinsa ya kama ni. Na kai masa ruwa, ya sha, ya rage murya.

"In kin yi waya gida, kada ki faɗa musu na shuka daji."