Gaisuwar da Muka Yanke daga Littafin Baba Sahabi

Ranar da ba za ta taɓa fita raina ba a aikin nan ita ce ranar da Baba Sahabi ya ce in ba shi takardunsa, ya fasa littafin. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya kuna ganinsa yana zuwa ana raha, ba ku san yadda aka kwashe ba.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, Oga mai shagon ya ɗora ni kan kwamfutar bakin ƙofa. Aikina buga rubutu: a kawo na hannu, in shigar, in fitar a takarda. Baba Sahabi mutumin Maradun ne, ya yi ritaya daga aikin raba ruwa a gonakin rani. Shi ke buɗe ƙofar ruwa ya rufe, yau wannan ɓangare, gobe wancan. Duk ranar kasuwa yakan shigo nan Mafara da abin da ya rubuta. Labarin wa da ƙane ne, Garba da Umaru, masu gona gefe da gefe, waɗanda ruwa ya shiga tsakaninsu.

Da muka gama aka tura wa wata edita a Gusau, Malama Rabi. Edita ita ce mai karanta littafi kafin a kai shi maɗaba'a, ta nuna inda ya yi tsawo da inda ya yi rauni. In ba ta amince ba, ba a bugawa. Ta dawo mana da shi duk jan biro. Ta yabi labarin, amma ta ce gaisuwa ta cinye shi. Kuma gaskiyarta. Duk inda mutum biyu suka haɗu sai an yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya bisashe, ya mai jiki, a dawo farko a sake. Ni na buga su, yatsuna shaida ne. Wani wurin shafi guda cur ba a kai ga abin da ya kawo mutum ba.

Idon Baba ba ya ɗaukar ƙananan baƙaƙe, don haka ni na karanta masa bayaninta. Ya saurara har ƙarshe.

"Ɗiyata, mi ta ce? In sa mutum ya shiga gidan mutane ya hau magana kamar mai karɓar haraji?"

Daga nan ya ce in haɗa masa takardunsa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Na san in ya fita da su, ƙarƙashin katifa za su ƙare. Ni kuma bakina ba ya jira. Na ce masa, Baba, mai karatu ba surukinka ba ne, ba zai durƙusa yana amsa gaisuwa ba, rufe littafin zai yi. Oga ya harare ni ta saman firinta. Baba ya dube ni ya ce in yi yadda ni da malamata muka ga dama, zai dawo Talata ya ji. In bai gane mutanensa ba, a bar shi da kayansa.

Na bi jan biron nan shafi-shafi na share. Duk inda na ga "ina kwana", sai ta tafi. Littafi ya rame ya yi kyau.

Ranar Talata ya zo, na ja masa kujera na fara karantawa. Babobin farko suka tafi kamar ruwa a gangare. Yana jan carbi, bai yaba ba, bai kuma tsayar da ni ba. Har muka kai babin da Umaru ya karkatar da ruwa gonarsa ranar da ba tasa ba, shinkafar wansa ta ƙone. Washegari suka haɗu a bakin magudana. Abin da ya rage a shafin shi ne Garba ya ce an buɗe ruwa, Umaru ya ce ya gani, kowa ya wuce.

Na tsaya. Na tuna ranar da na fara buga wurin nan sai da tsigar jikina ta tashi. Yanzu ba komai, kamar mutum biyu sun haɗu a tashar mota. Na ce, Baba, wurin nan ya mutu. Ya ce in ɗauko na asali.

A na asali, Umaru ya durƙusa ya ce ina kwana. Garba ya ce lahiya, ya tsaya nan. Bai tambayi iyali ba, bai tambayi yara ba. Umaru na durƙushe yana jira, wansa na kallon ruwa.

"A wurinmu wa ba ya zagin ƙanensa bisa hanya," in ji Baba. "Gaisuwa yaka rage mai. Kowa ya ji ya san zumunci ya taɓu."

Sai na gane matsalar ta wuce shafi ɗaya. Ko na mayar da wannan, tunda na share sauran, mai karatu ba shi da doguwar gaisuwar da zai auna gajerar da ita.

Nan take na kira Malama Rabi, na buɗe murya kowa na ji. Tana ɗauka na ce, Malama, gyaranki ya kashe mana babi guda. Baba ya miƙo hannu ya karɓe wayar. Ya gaishe ta tun daga gajiya har mutanen Gusau da zafin gari, ita kuma tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye ina kaɗa ƙafa. Sai da suka gama tsaf ya miƙo min.

"Yanzu hwaɗa mata, marar kunya."

Na karanta mata duka biyun. Ta yi dariya ta ce ita ragewa ta ce a yi, ni kuma na zo da tsintsiya. Amma ta ce wannan shafin kam ita ma ta ja masa jan biro ba ta lura ba, ta janye. Shawararta ita ce a bar haɗuwar farko ta Garba da Umaru da gaisuwarta cikakkiya, ko kalma kar a taɓa, don kunnen mai karatu ya saba. Sauran wurare a ce suka gaisa, a wuce. Ta tambayi Baba ko ya yarda. Ya ce zai gwada.

Muka yi makonni a kai. Wani wurin ya ƙi, in yi ta masifa, ya ƙyale ni in gama sannan ya sake cewa a'a. Wani wurin shi zai riga ni cewa a cire. Da muka kai babin ƙarshe, inda dattawan gari suka taru suna ta wa'azin zumunci don sasanta 'yan'uwan, Malama ba ta taɓa wurin ba ko kaɗan. Ina cikin karantawa Baba ya ɗaga hannu. Ya ce in kwashe dattawan duka, su koma gida. A mayar da su biyun bakin magudana, Umaru ya gaida wansa, Garba ya ce lahiya, ya juyo ya dube shi, sannan ya ce, "Ya yaran?" A rufe littafi.

Na ce, Baba, wannan ai ya fi abin da edita ta nema. Ya ce ai ita ta koya masa, ni kuma in yi aikina in daina surutu. Da na tura mata, amsarta ba ta yi tsawo ba: a kai maɗaba'a.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, edita tana ganin abin da ya yi yawa, mai littafi kuma ya san abin da kowane wuri ke ɗauke da shi. Ba abokan gaba ba ne, sai dai da wuya su fahimci juna ta jan biro kawai, kuma mu masu bugawa mu ne a tsakiya. Don haka in gyara ya zo hannunku, kar ku yi saurin sharewa don hannunku ya huta. Ku zaunar da mai littafin, ku karanta masa da baki. Inda muryarku ta tsaya, ku ɗauki waya.