Faɗuwar da Nake Yi wa Tsoho

An sallame ni daga aiki a unguwar Ma'adi, a babban birnin Masar, saboda na faɗi da tire a hannu. Da gangan na faɗi.

Shekara huɗu ina jinyar wani tsoho Bamisire. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, ni kuma Larabcina na kasuwa ne. Mun dace. Ina yi masa wanka, ina juya shi, ina ba shi abinci a baki idan ya yarda. Yawanci ba ya yarda. Sai ya datse leɓe ya kalli bango.

Yana da finafinan zamanin da, gajeru, baƙi da fari, ba murya. Mutum ya saɓo tsani ya juya, ya make na bayansa. 'Yan sanda su biyo ɓarawo, su zube cikin kwata. Bayan la'asar nake kunna masa. Nan kaɗai yake dariya, da rabin baki, kafaɗa ɗaya na rawa. Yana dariyar nake tura cokali. Ni da na baro abokan tafiya kwance a rairayin sahara a hanyar zuwa Masar, a ɗakin nan na sake yin dariya.

Da ya haddace finafinan, suka daina kama shi. Kwana biyu bai ci ba. Sai na ɗauko kwanonin roba, na harɗe ƙafa da gefen darduma, na zube. Na waiga na harari dardumar kamar yadda mutanen fim ke yi. Ranar ya cinye shinkafarsa. Kullum sai na faɗi.

Wata rana ɗansa ya zo daga Iskandariya ba sanarwa. Ya tarar da ni a ƙasa, uban yana jijjiga, hawaye na zuba.

Ya ce, "Wannan ne yake ɗaga mahaifina?"

Na ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, wasa ne, don ya ci abinci."

"Khalas, shi ke nan. Gobe shi za ka yar."

Tsoho yana ta dukan kujera da hannunsa mai lafiya. Ba wanda ya kula. Na tsuguna na ce, "Baba, a daure a riƙa ci." Ya kama hannun rigata, sai da ɗan ya ɓamɓare yatsunsa.

Sun kawo nas mai takardar shaida. Mai gadin gidan ya ce mini tsoho ya rame. Sau biyu na je, ba a bar ni na hau ba.

Yanzu ina unguwar Ard al-Liwa, mu biyar a ɗaki ɗaya, ina dakon tukunyar gas zuwa saman benaye.