Bakin Babana da Kanwar Baffa

Shekarar da ciwon ya kama Baba na zo wankan jego ƙauyenmu, gabas da Gangara, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai. Daga baki ya fara: ƙuraje masu ruwa kamar ƙunar wuta, su taso a dasashi da cikin kumatu, su fashe su bar jan nama. Daga baya suka sauko ƙirji da gadon baya. Mutumin da bai rabuwa da aswaki, sai ga aswakin yana fitowa da fatar dasashi.

Inna ta rasu tun ina ƙarama, don haka jinya ta faɗo kaina, ga jaririya a baya. Nakan naɗa auduga a kan siririn kara, in tsoma a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, in bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Kunu sai na tace sau biyu na bar shi ya huce. Tuwo da yaji da goro duk ya haƙura da su.

Baffa, yayan Baba, shi ya hana mu sakat. Shi ya fara cewa kuturta ce, aka ware wa Baba ƙwaryarsa, ya kuma hana matan gidansa ara mini guga a rijiya. Ran nan ina daka a tsakar gida sai ga shi da wanzami.

"Baffa, me za a yi masa?"

"Za a kankare dattin nan a zuba kanwa. Wata uku kina shafa shi da auduga kamar jinjiri, me ya ƙaru?"

"Fatar ba ta son taɓi, Baffa. Don girman Allah a bari."

"Fita ki ba maza wuri."

Na fita. Har yau ina jin haushin kaina da na fita. Daga bayan danga nake jin gurnanin Baba. Kwana huɗu ko ruwa bai iya kurɓa ba, sai dai in ɗiga masa madara da auduga.

A rana ta biyar ban shawarci kowa ba, na roƙi wani Buzu mai zuwa cin kasuwa ya ɗora Baba a raƙumi zuwa Tanout, ni ina biye a ƙasa. A asibiti, lokotoro ya leƙa bakin, ya ɗago ya ce wane mugu ya yi wannan. Ya ce ba kuturta ba ce, kuma ba ciwon da ake ɗauka ba ne. Ya ba mu ƙwayoyi da ruwan kurkure baki, ya ce in ci gaba yadda nake yi.

Baba ya ƙara ganin damina ɗaya, har yana shan fura mai ruwa-ruwa yana wasa da jikarsa. Ya rasu bayan girbi. Baffa kuwa ya bi gari yana cewa maganin Nasara ne ya kashe masa ƙane.

Da shi ma ya kwanta ciwon ajali, ya aiko matarsa ta kira ni. Na ce mata ina da aiki.